Ruwayen Libreville: Daga Hanyar Fatauci zuwa Wurin Shan Iska

Libreville, babban birnin Gabon, yana zaune ne a gaɓar arewa ta wani makeken mashigi, inda Kogin Komo yake buɗewa ya gauraya da Tekun Atlantika. Ta yamma teku ce, ta arewa fadamun gishiri na Mondah, ta kudu Komo, can gabas kuma tsaunukan Kristal ne da koguna ke gangarowa daga cikinsu. Duk da yawan ruwan nan, zuwa bakinsa don hutu da kallon halittu bai daɗe da zama al'adar mutanen birnin ba. Ɗaruruwan shekaru ruwan hanya ne kuma wurin neman abinci.

Mutanen Mpongwe ne masu gaɓar tun da daɗewa, Turawan Fotigal kuma sun iso wajen 1472. Gwanayen jirgin kwale-kwale ne, kuma su ne dillalai tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin kurmi: hauren giwa, katakon kanya baƙi, jan itacen rini, har da bayi, duk ta hannunsu suke bi. Shahararren sarkinsu, Denis Rapontchombo, wanda ke mulkin gaɓar kudu, shi ya sa hannu a yarjejeniya da hafsan sojan ruwan Faransa Bouët-Willaumez a 1839. Faransawa suka gina sansani a gaɓar arewa a 1843, sannan a 1849 suka zaunar da bayin da aka ƙwato daga wani jirgi mai suna Elizia, aka sa wa mazaunin suna Libreville. Sarki Denis ya rasu a 1876, amma sunansa yana nan a kan tsinin ƙasar da ke fuskantar birnin, wato Pointe Denis, wurin da a yau masu hali ke haye ruwa su je hutun ƙarshen mako.

Zamanin mulkin mallaka katako ne ya mallaki ruwayen Gabon. Itacen okume, wanda ake yanka shi falle-falle a manna a yi katakon filawud, ba ya nutsewa, don haka sai a sare shi a cikin kurmi, a jira ruwa ya cika, a ɗaure gungumen wuri guda a bi da su kogi har bakin teku. Babbar cibiyar wannan aiki ita ce yankin tafkunan Kogin Ogooué kusa da Lambaréné, kimanin kilomita 250 daga Libreville ta mota. Nan ne ainihin tafkunan ƙasar suke: Onangué, wanda ya fi kowanne girma, da Oguemoué, da Ezanga, da ƙaramin tafkin Zilé a gefen gari. A wannan gari ne likita Albert Schweitzer ya kafa asibitinsa a 1913, ya kuma rasu a can a 1965. Sunansa ne ya fara jawo baƙi daga Turai zuwa yankin, kuma wanda ya zo ganin asibiti da wuya ya koma bai shiga kwale-kwale ya leƙa tafki ba.

Su kuwa mutanen tafkunan suna da tasu fitar tun da daɗewa. Idan rani ya shigo, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya ja, tsibiran yashi su fito fili, iyalai sukan kafa bukkoki a bakin tafki su yi makonni suna kama karfasa da tarwaɗa, suna bandar wani suna sa wa wani gishiri. Lokacin ya dace da dogon hutun makarantu, shi ya sa yaran da iyayensu suka koma Libreville neman aiki ake mayar da su ƙauye su koyi jefa taru. A ruwan akwai dorina da kada da ayu, a kan yashi kuma kwasakwasa ce ke sauka. Wannan zaman rani aiki ne da zumunci a haɗe, kuma shi ne asalin shaƙatawar bakin ruwa a ƙasar, tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido.

Bayan samun 'yanci a 17 ga Agusta 1960, musamman da kuɗin man fetur ya kwararo a shekarun 1970, Libreville ta kumbura, ta buƙaci wutar lantarki. Aka nufi Kogin Mbei a tsaunukan Kristal. Tashar Kinguélé ta fara aiki a 1973, ta Tchimbélé ta biyo baya a 1980, can sama da ita. Madatsar Tchimbélé ce ta tara babban tafki da ke riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa a hankali, don injinan tashoshin biyu su samu abin juyawa har cikin rani. Wanda ya san Kano zai tuna cewa a daidai wannan zamani ne gwamnatin Audu Bako ta gina madatsun Bagauda da Tiga, kuma a can an haɗa aikin ruwa da masaukan baƙi tun farko. A Gabon ba haka aka yi ba. Tafkin Tchimbélé yana cikin kurmi mai duhu, hanyarsa doguwa ce mai hawa da gangara, kuma an gina shi ne don ma'aikatan lantarki, ba don iyalai masu ɗauke da tabarma ba. Waɗanda suka fi cin moriyar hanyar su ne masanan tsirrai, domin tsaunukan, masu yawan hazo da raɓa, suna cikin wuraren da suka fi yawan nau'in tsiro a Afirka.

Babban sauyi ya zo ne a 2002. Kafin nan, daga 1999 zuwa 2000, wani masanin halittu ɗan Amurka, Mike Fay, ya yi tafiyar ƙafa ta sama da kilomita 3,000 cikin kurmi, daga arewacin Kwango har gaɓar tekun Gabon, yana rubuta abin da ya gani. Hotunan tafiyar da bayanan masana irin su Lee White suka isa gaban Shugaba Omar Bongo, shi kuma ya ware gandun daji na ƙasa guda 13 a lokaci ɗaya, fiye da kashi 10 cikin ɗari na faɗin ƙasar. Uku daga ciki suna kewaye da Libreville: Akanda ta arewa, Pongara a hayin ruwa ta kudu, da na tsaunukan Kristal ta gabas. A 2007 aka kafa hukumar da ke kula da su, kuma a shekarar aka sa Akanda da Pongara cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Cikin ukun nan Pongara ce ta fi samun baƙi, don jirgi mai inji yana kai mutum Pointe Denis, da ke bakinta, cikin kusan rabin awa. Daga Nuwamba zuwa Maris manyan kunkurayen teku masu bayan fata suna fitowa da dare. Macen takan ja jikinta da ƙyar zuwa saman rairayi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai, ta rufe, ta watsa yashi don ɓatar da sawu, sannan ta koma ruwa. Bayan wajen wata biyu sai ƙwan su ƙyanƙyashe. Gaɓar Gabon na cikin wurare mafi girma a duniya da wannan dabba ke saka ƙwai, kuma masu gadi suna hana haska fitila a idonta. A bayan rairayin akwai fili da kurmi inda giwa da ɓauna ke yawo. Akanda kuwa ƙasar laka ce da itatuwan ruwan gishiri masu saiwoyi a waje kamar ƙafafu. Cikin saiwoyin nan ƙananan kifaye ke girma, a kan lakar kuma dubban tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka.

Karewar ba ta zo babu rikici ba. Yawancin masunta na gargajiya a gaɓar Libreville baƙi ne daga Najeriya da Benin da Ghana, wasu sun haihu sun yi jikoki a can, kuma da itacen fadamar suke bandar kifin da birni ke ci. Hana sara ya taɓa tukunyarsu kai tsaye. Ta wani gefen kuma birnin yana ta miƙewa arewa, ana cike fadama ana gini, ana kwasar yashi, abin da ya fi gatarin masunci ɓarna nesa ba kusa ba. Kurmin Mondah, wanda aka keɓe tun 1951, an ci wani sashe nasa kafin a sake kare ragowar a 2012 da sunan malamin addini kuma masanin tsirrai André Raponda Walker.

Talakan Libreville dai ba ya zuwa Pongara sai nadiran, saboda kuɗin jirgi da na masauki sun fi ƙarfinsa. Hutunsa yana rairayin da ke gefen babban titin bakin teku da kuma Cap Estérias, inda ranar Lahadi samari ke buga ƙwallo, mata na sayar da gasasshen kifi da rogo. Gandun dajin sun yi nasarar tsare dabbobi da fadamu, amma har yanzu baƙi da masu kuɗi ne suka fi ganinsu.