Tarihin Gasar Neman Kwangilar Layukan Dakon Wutar Lantarki a Ƙasar Indiya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta bibiyi yadda ƙasar Indiya ta sauya hanyar bayar da aikin gina manyan layukan dakon lantarki, wato waɗanda ke ɗauko wuta daga tashoshin samar da ita zuwa jihohi. Manufarta ita ce nuna cewa gasa ba ta kawar da jayayya ba, sai dai ta mayar da ita kan tambayar wane aiki ne zai shiga gasar.

2.0 Kafin Zuwan Gasa

A shekarar 1989 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin da aka sauya wa suna zuwa Power Grid a 1992, ya zamanto shi ke gina layukan da ke ratsa jihohi. Tsarin biyansa shi ne a lissafa abin da ya kashe, a ɗora masa riba, masu amfani da wuta su biya. Illar wannan tsari a fili take: wanda za a mayar wa duk abin da ya kashe ba shi da dalilin tsimi.

3.0 Shigowar Gasa

Dokar Lantarki ta 2003 ta tanadi hanyoyi biyu. A sashe na 62, hukumar sa ido ce ke yanke farashi. A sashe na 63 kuwa, tana amincewa ne da farashin da gasa ta fili ta haifar. An fitar da ƙa'idojin gasar a 2006, aka wajabta ta ga layukan tsakanin jihohi daga Janairun 2011. Kamfanin da ya nemi mafi ƙarancin kuɗin shekara shi ke samun aikin, ya nemo jari, ya gina, ya kula da layin har shekara 35. Ta wannan ƙofa kamfanoni irin su Sterlite da Adani suka shigo, farashi ya sauka, shi ma Power Grid ya shiga takara.

4.0 Inda Gizo ke Saƙa

Matsala ta farko ita ce, Power Grid na cikin masu tsara layukan da za a gina, ga shi kuma ɗan takara, alhali an keɓe ayyukan gaggawa daga gasa. Sai a Afrilun 2021 aka miƙa aikin tsarawar ga wani kamfani na daban, ko da yake reshensa ne. Ta biyu, arahar farashi ba ta hana jinkirin da diyyar gonaki da izinin ratsa gandun daji ke jawowa. Ta uku ta bayyana ne a ƙarar da Tata Power ya shigar kan wani layin Mumbai da aka bai wa Adani ba tare da gasa ba. A Nuwamban 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa doka ba ta fifita ɗayan sassan biyu ba, ta kuma umarci hukumomin jihohi su shimfiɗa ƙa'idojin yanke farashi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa amfanin gasa ya dogara ne da raba mai tsarawa da mai takara, da kuma bayyana ma'aunin da ake keɓe wani aiki da shi. Idan aka rasa waɗannan, talakan da ke biyan kuɗin wuta shi ke ɗaukar nauyin.