Yadda dabarar RAID ta baro ɗakin bincike ta shigo gida

A watan Yunin 1988, a wani taron masana kwamfuta da aka yi a birnin Shikago, masu bincike uku daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka gabatar da maƙalar da ta raɗa wa wata dabara sunan RAID. Tambayar da suka ɗauko mai sauƙi ce. A wancan zamani manyan kamfanoni da bankuna suna ajiye bayanansu ne a kan tafka-tafkan fayafayai irin IBM 3380, wanda yake ɗaukar megabayit 7,500, ga tsada ga cin wuta. Can gefe kuma ga ɗan ƙaramin faifan Conner CP3100 na kwamfutar tebur, mai megabayit 100 kacal. Me zai hana a tara ƙananan da yawa su yi aikin babban?

Ta fuskar sauri, amsar tana da daɗi. Faifai ɗaya kan karatunsa wuri ɗaya yake iya zuwa a lokaci guda, amma fayafayai 75 suna iya karanta wurare 75 a tare. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya. Matsalar tana wajen mutuwa. Masu ƙera faifan sun ƙiyasta cewa yakan yi sa'o'i 30,000 kafin ya lalace. Idan aka haɗa guda 100, sai a raba wannan adadi gida 100, ya koma sa'o'i 300. Ke nan duk bayan ƙasa da mako biyu sai ɗaya ya mutu, ya tafi da kasonsa na bayanan. Wannan lissafin shi ne ya haifi harafin farko na sunan, wanda yake nufin rara: wani abu da aka ajiye fiye da buƙata domin ranar asara.

Ba su uku ne suka ƙago tunanin ba. Tun 1977 wani injiniyan IBM mai suna Norman Ken Ouchi ya nemi rajistar wata hanya ta farfaɗo da bayanan faifan da ya mutu, kuma kamfanin Tandem ya daɗe yana rubuta abu ɗaya a fayafayai biyu. Abin da mutanen Berkeley suka yi shi ne jera dabarun a matakai biyar, da auna ribar kowanne da tsadarsa. Mataki na 1 tagwaye ne: duk abin da aka rubuta a wannan an rubuta a wancan, rabin kuɗin mai saye ya tafi a kariya. Mataki na 5 ya fi wayo. A ɗauka faifai na farko yana riƙe da 3, na biyu yana riƙe da 5, sai a rubuta jimlarsu 8 a na uku. In na biyu ya mutu, a cire 3 daga 8, ga 5 ta dawo. Ainihin lissafin da na'urar take yi da sifiri da ɗaya ne, kuma ana karkasa wannan jimla a dukkan fayafayan, amma hikimar ke nan: sararin faifai ɗaya ya isa ya tsare sauran.

Ba da jimawa ba kamfanoni suka karɓi dabarar, suka kuma sauya ma'anar harafi na uku daga "masu araha" zuwa "masu zaman kansu". Wanda ya ga farashin akwatunan da suke sayarwa a lokacin ba zai tambayi dalili ba.

Shigowarta gida ta ɗauki fiye da shekara goma. Wajen shekarar 2000 aka fara ganin manyan allunan kwamfutar gida ɗauke da 'yan na'urorin Promise da HighPoint masu iya haɗa fayafayai, sannan a 2003 Intel ta sa abin a cikin nata kayan. A shekarar ce kuma Western Digital ta fitar da Raptor, faifai mai juyi 10,000 a minti ɗaya. Abin mamakin shi ne matakin da ya fara farin jini a gidaje ba ya cikin biyar ɗin Berkeley. RAID 0 ake ce masa. Yana yayyanka kowane fayil ya raba wa fayafayai biyu, rabi nan rabi can, ba tare da rarar komai ba. Masu wasannin kwamfuta da masu haɗa bidiyo suka yi rububinsa, alhali shi ne daidai abin da maƙalar 1988 ta yi gargaɗi a kai: ɗaya ya mutu, duka sun tafi, kuma yiwuwar hakan ta kusa ninkawa. A 2004 shafin AnandTech ya gwada Raptor biyu a wannan tsari, ya tarar cewa a ayyukan yau da kullum ƙarin saurin bai taka kara ya karya ba. A wannan shekarar Intel ta kawo tsarin Matrix, wanda yake bari a raba fayafayai biyu gida biyu, sashe ɗaya na gudu, sashe ɗaya na tagwaye. Sasanci ne mai ma'ana, ko da yake mutane kaɗan ne suka damu da shi.

Maganar gudu ta mutu ne da zuwan ma'ajiyar SSD, wadda ba ta da faifai mai juyawa. Guda ɗaya ta isa ta bar Raptor biyu a baya. Sai buƙatar kariya ta koma cikin ƙananan akwatunan ajiya irin na Synology da QNAP, da ake jonawa da intanet ɗin gida a zuba hotunan biki da takardun aiki.

A nan ne girman fayafayai ya fara cin amanar tsohon lissafi. Idan faifai ɗaya ya mutu a mataki na 5, dole a karanta dukkan sauran daga farko har ƙarshe kafin a gina sabo. A fayafayai masu terabayit da yawa wannan yana iya cin yini ko fiye, kuma galibi sa'annin juna ne, an saye su rana ɗaya, sun tsufa tare. Na biyu ya faɗi a tsakiyar aikin, shi ke nan. Dalilin da ya sa aka koma RAID 6 ke nan, mai jure mutuwar biyu. Ɗaukewar wuta ma tana da nata haɗarin, domin tana iya faruwa bayan an rubuta bayani amma ba a kai ga gyara jimlarsa ba, abin da ya kamata mai zama a Kano ko Zinder ya sani kafin ya kunna irin wannan akwati ba tare da batirin tsaro ba.

Akwai kuma asarar da dabarar ba ta taɓa alkawarin tarewa ba. Tagwayen faifai ba sa bambance rubutun mai gida da na ɓarawo; fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a duka biyun nan take. A watan Janairun 2022 wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna DeadBolt ta afka wa dubban akwatunan QNAP da ke jone da intanet, ta kulle fayilolin mutane tana neman fansa da kuɗin Bitcoin. Ba mutuwar faifai ce ta jawo wannan asara ba. Fayafayan sun rubuta kullallun fayilolin a kowane ɗayansu, daidai yadda aka tsara su.