Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Sake Sayar da Tsofaffin Wasannin Bidiyo

Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Kamfanonin wasannin bidiyo sun daɗe da gane wannan, domin yaron da ya yi wasa jiya shi ne magidancin da ke da kuɗi a aljihu yau. Wannan maƙala za ta bi sawun kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, don a ga ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu ga masu sayen tsofaffin wasannin da ake sake fitarwa.

A shekarar 1985 ne kamfanin ya fitar da wasan Super Mario Bros., wanda ya ɗaukaka sunansa a duniya. A 1993 sai ya haɗa shi da wasu wasannin Mario guda uku a kaset ɗaya mai suna Super Mario All-Stars. Ba kwafewa kawai aka yi ba, an sake zana hotunan, an gyara kiɗan, an kuma ba mai wasa damar ajiye inda ya tsaya. Wanda ya saya ya sami abu huɗu a ciniki ɗaya, ga kuma gumin ma'aikata a bayyane.

Al'amarin ya sauya salo a 2006, lokacin da na'urar Wii ta zo da kasuwar intanet. A nan ana sayar da kowane wasan na'urar NES a kan kimanin dala 5, ba tare da kaset ko kwali ba. Da na'urar Wii U ta fito, wanda yake son wasan da ya riga ya saya ya dace da ita sosai, sai ya ƙara dala 1. A watan Janairu na 2019 aka rufe kasuwar Wii, kuma abin da mutum ya saya bai bi shi zuwa na'urar Switch ba. A Switch, tun daga 2018, haya ake yi: ranar da mutum ya daina biyan kuɗin rajista, ranar ƙofa za ta rufe.

Duk da haka, ba kullum ne mai saye ke kwana a ciki ba. A 2016 kamfanin ya ƙera wata 'yar ƙaramar na'ura mai suna NES Classic, ɗauke da wasanni 30 a kan dala 60, wato kimanin dala 2 kowane wasa. Araha ce ta gaske, amma kayan sun yi ƙaranci, 'yan kayi-nayi suka ninka farashi, kuma aka dakatar da ƙera ta a 2017 kafin a dawo da ita a 2018.

Cinikin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Super Mario 3D All-Stars a watan Satumba na 2020. Wasanni uku ne na 1996 da 2002 da 2007, an ɗan wanke hotunansu, aka sa musu dala 60, kuɗin sabon wasa. Sannan aka yanka wa'adi cewa za a daina sayarwa bayan ranar 31 ga Maris, 2021. Ta haka tsoron rashi ya zama dillali.

Me ya sa jama'a ke saye duk da ƙorafi? Wani nazari da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Tsofaffin na'urori na lalacewa, haƙƙin mallaka kuma yana hannun kamfani. Wanda ba shi da rijiya sai guda, ba ya tayin guga.

A taƙaice, tarihin nan ya nuna cewa ma'auni biyu ne ke tabbatar da adalcin ciniki: aikin da aka ƙara wa tsohon wasa, da kuma ko mai saye ya mallake shi har abada. Kaset ɗin 1993 ya cika duka biyun, har yau yana aiki a hannun wanda ya adana shi. Mafi yawan abin da ya biyo baya kuwa, ɗaya ya cika, ko ma babu.