Filafili: Abin da masassaƙin Kurmi ya tuna mini

 Yau kan filafili za mu yi magana, wato icen nan da ake tuƙa kwale-kwale da shi. Na san wani zai ce, ɗan cikin badala ina ruwanka da filafili? Ka yi mini haƙuri zuwa ƙarshen shirin.

Kwanakin baya mahaifiyata ta aike ni Kasuwar Kurmi sayen muciya. Ina jujjuya ta a hannu sai dattijon da ke sayarwa ya yi dariya, ya ce, "Yaro, in ka faɗaɗa kanta ka tsawaita ta, ai ka samu filafili." Na ce, "Baba, kuna sassaƙa shi ne?" Ya ce mahaifinsa ya yi wa masunta, shi ma ya koya, amma ya manta rabon da wani ya tambaye shi. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na koma tarihi.

Mu fara da birnin kansa. Kurmi ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a gefen Jakara aka kafa ta. Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa wata babbar fadama ta ratsa garin. Kun ga ke nan kakanninmu da ruwa suka zauna. In ka fita kudu kuma, ga kogin Kano ga Challawa, su haɗu su wuce ta Wudil, su zama kogin Haɗeja, ruwan ya bi ta Yobe har Tafkin Chadi.

Ku riƙe wannan hanyar ruwan, don a yankinta aka yi wani babban gamo. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani ice a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994. Ashe kwale-kwale ne, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Tun kafin a ɗora tubalin farko na ganuwar Kano da dubban shekaru, akwai masu sassaƙa jirgi a wannan yankin. Wanda kuwa ya sassaƙa jirgi, dole ya tanadi abin tuƙa shi.

To yaya ake yin filafilin? Ga yadda Baba ya yi mini bayani.

Na farko zaɓen ice. Ana neman miƙaƙƙe, marar ƙulli, don a wajen ƙulli yake karyewa. Maɗaci da kawo suna cikin itatuwan da ke jure ruwa da gara. Ba a yanka shi da zarto yadda aka ga dama, faskara shi ake yi da gatari, don tsagar ta bi jijiyar icen daga sama har ƙasa. Nan ƙarfinsa yake. Daga nan a ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali; in ka shanya ɗanyen ice a ranar Kano, tsattsagewa zai yi.

Na biyu awo. Ba tef ake sa wa ba, jikin mai shi ake dubawa. Dogo da gajere ba sa riƙe filafili iri ɗaya, haka mai tuƙi a zaune da mai tuƙi a tsaye. Sai a zana siffar da gawayi.

Na uku aikin gizago. Masassaƙi ya taka icen da ƙafa, yana sara kaɗan-kaɗan, yana bin inda jijiyar ta nufa. Faffaɗan ɓangaren da ke shiga ruwa ana barin tsakiyarsa da kauri, gefensa a fiƙe shi ya yi siriri, don ya yanki ruwa ba tare da ya lanƙwashe ba. Wuyan, wato inda faɗin ya haɗu da mariƙi, shi ne wurin haɗari. Baba ya ce sara ɗaya ya wuce kima a nan, ka yi asarar icen duka, sai dai a yi muciya da shi. A ƙarshe a kankare da wuƙa ko fasasshiyar kwalba, a goge, a shafa mai, don kada hannu ya yi kanta. Duka daga ice guda, babu ƙusa babu haɗi.

Wannan ilimin ɗaya ne da na turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya da allon karatu. Kowanne da icensa: ƙirya a yi turmi, aduwa a yi allo. Masassaƙi yakan san daji kamar yadda maƙeri ya san ƙarfe.

Abin mamakin shi ne, ruwan tuƙi ya ƙaru a jihar Kano a daidai lokacin da sana'ar ke ja da baya. An kammala madatsar Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ga Bagauda, ga Watari, ga Challawa. Ƙauyuka da dama suka wayi gari kwale-kwale ne hanyarsu mafi kusa zuwa kasuwa da makaranta. Su kuwa itatuwan sai ƙarewa suke, gawayi da katako na cinye su. Har ta kai a 2022, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama, an saka maɗaci da kawo na Afirka cikin itatuwan da sai da izini ake cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Kuma ruwa ba ya wasa. Ba mu manta ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgi ya kife a madatsar Watari a Bagwai. Mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Rahotanni sun ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Ban ce filafili zai hana wannan ba. Abin da nake cewa shi ne, sanin jirgi, sanin nauyin da zai ɗauka da sanin abin da za ka kama in inji ya mutu a tsakiyar ruwa, duk gado ɗaya ne da ake koya a hannun manya. In ya yanke, ba a kasuwa za a sayo shi ba.

Da zan tafi na tambayi Baba ko cikin 'ya'yansa akwai mai riƙe gizago. Ya ce ɗaya yana tuƙa adaidaita sahu, ɗaya yana gyaran waya. Bai yi ƙorafi ba, ya ce kowa da abincinsa. Na dai roƙe shi ya sassaƙa mini filafili guda, in zauna in ɗauki aikin a bidiyo tun daga faskare har shafa mai. Ya ce in ya samu ice mai kyau zai aiko a kira ni, amma kada in ƙosa.

In akwai masassaƙi ko masunci a danginku, ku zauna da shi wannan makon, ku tambaye shi da wane ice yake aiki da kuma inda yake samo shi yanzu. Ku rubuto mana abin da ya faɗa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.