Gādon da Iyayenmu Suka Bar Mana

Yau za mu waiwayi tarihi kaɗan, mu ga yadda bangaskiyar nan ta iso gidajenmu, da abin da aka biya kafin ta iso.

A ƙauyukanmu kowa ya san gādo. In dattijo ya rasu, akan zauna a raba gona, da awaki, da rumbu. Wani lokaci har 'yan'uwa su kai juna kotu saboda iyakar gona. Amma Manzo Bitrus, cikin sura ta fari ta wasiƙarsa ta fari, ya yi maganar wani gādo dabam da aka ajiye wa masu bi a sama, wanda ba abin da zai lalata shi. Ta bakin mutane ne labarin wannan gādo ya zo mana, kuma ya kamata mu san su.

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin kai bishara ƙasar da a lokacin ake kira Sudan. Su ne Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da jikin da zazzaɓi ya raunana, ba su sami ko mutum ɗaya da ya tuba ba. A idon duniya aikin ya rushe. Duk da haka a 1902 mishan ɗin SIM ya kafa tasharsa ta fari a Patigi. A 1904 kuma Karl Kumm da abokan aikinsa na SUM suka iso Wase.

Babbar matsalar da suka tarar ita ce harshe. A tsakiyar Nijeriya mutum yakan yi tafiyar yini ɗaya ya ratsa harsuna uku ko huɗu. Berom yana da nasa, Ngas da Tarok da Bajju da Tangale kowa da nasa. Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa, shi ya sa aka ba da ƙarfi ga fassara Littafi Mai Tsarki cikinta. Tun a ƙarni na 19 J. F. Schön ya soma wannan aiki, da taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe da aka 'yanta daga bauta. Daga baya Dokta Walter Miller na CMS a Zariya, da Dokta Andrew Stirrett na SIM, da Hausawa masu bi da suka zauna tare da su, suka ɗauki aikin shekara da shekaru. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Daga nan aikin ya koma hannun kakanninmu. Manoma ne, da yawansu sai da suka girma suka koyi karatu, da dare, a hasken aci-balbal. Wanda ya iya haɗa baƙaƙe sai ya koya wa maƙwabcinsa. Mai bishara yakan karanta aya da Hausa, sa'an nan ya juya ta cikin harshen mutanen ƙauyen. A 1934 aka buɗe Gindiri domin horar da masu bishara da malamai. A 1938 SUM ta naɗa fastocinta na fari 'yan ƙasa, wato Toma Tok Bot, da Bali Falang, da David Lot. A 1954 aka kafa ECWA, a 1955 kuma ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SUM suka haɗu cikin tarayyar da yanzu ake kira TEKAN.

Kada mu yi zaton abin ya zo musu da sauƙi. An kori waɗansu daga gidan ubansu domin sun ƙi yin yanka ga tsafi. An hana waɗansu mata, an ƙwace wa waɗansu gona. Kakana yana cikinsu. Bai gāji ko kunya ɗaya ta gonar ubansa ba. Sa'ad da ya rasu, abin da muka tarar cikin akwatinsa shi ne tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa a naɗe cikin ƙyalle, bangonsa ya yage, ya rubuta sunayen 'ya'yansa duka a shafin farko. Da wannan littafi mahaifina ya koyi karatu, ni ma a gwiwar mahaifina na fara jin labarin Yusufu da 'yan'uwansa.

To, ina muke yau? Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutum biyu. Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon abinci ɗaya, Farawa sura 25. Nabot kuwa ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar kakanninsa ko da ya rasa ransa, 1 Sarakuna sura 21. A gidaje da yawa yanzu an daina sujadar safe. Yaro ya tafi birni, ba ya jin harshen uwarsa, ba ya karanta Hausa, na Turancin ma bai buɗe ba. Mun biya masa kuɗin makaranta, amma ba mu zauna da shi a kan Maganar Allah ba.

Ku lura, bangaskiya ba ta bin jini. Sunan Kirista da baftismar kakanka ba za su cece ka ba, sai kai da kanka ka ba da gaskiya ga Yesu. Amma Allah yakan yi amfani da gida. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, 2 Timoti sura 1.

Saboda haka, ya ɗan'uwana, ya 'yar'uwata, a daren yau ku tara yara kafin barci. Ku karanta sura ɗaya, ku bayyana ta cikin harshen gidanku. In akwai Sabon Alkawari cikin harshenku, ku nemi ɗaya ku saya. Ku faɗa wa 'ya'yanku wane ne ya fara tuba a zuriyarku, da abin da ya sha domin sunan Yesu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka riga mu cikin bangaskiya. Ka taimake mu mu miƙa wa 'ya'yanmu abin da muka karɓa. Cikin sunan Yesu. Amin.