Maganar Da Ba A Yi A Tsakar Gida

Sau biyu aka kashe bauta a ƙasar nan bisa takarda. Nasara sun fitar da dokar hana ta a 1905, gwamnatin Nijar kuma ta sake yin tata a 2003, har da ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga duk wanda ya bautar da mutum. Amma takarda ba ta shiga ɗakin tsohuwa. Ranar da saurayi ya kawo kuɗin gaisuwa, sai a tashi wani kawu ya je "binciken asali", kuma kowa ya san abin da ake bincike: kakansa ɗa ne ko bawa?

Tambayar tana da tarihi. A zamanin Sarki Tanimun, Damagaram babbar kasuwa ce, ayari na ɗaukar bayi su ƙetare hamada har Tarabulus. Waɗanda ba a sayar ba sun zauna, sun yi noma, sun hayayyafa, jikokinsu ne maƙwabtanmu a yau. A arewa, wajen Abzinawa, abin ya haɗu da launin fata: baƙi shi ke kiwo da jan ruwa a rijiya. Shi ya sa da aka kafa ƙungiyar Timidria a 1991 aka ba ta wannan suna, wato 'yan'uwantaka a Tamashek.

Ku dubi Hadijatu Mani. A 1996, tana 'yar shekara 12, aka sayar da ita jika 240 a jihar Tawa, ta zama wahaya, mace ta biyar wadda ba sadaki ba ɗaurin aure. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta auri wanda take so sai ya ce ai matarsa ce, har aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Sai ran 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta ce gwamnati ta kasa kare ta, ta biya ta sefa miliyan 10. Shekara tara tana cikin gidan nan. Akwai matan gida, akwai dangi masu zuwa suna da biki, duk sun gani, ba wanda ya ce uffan.

To, wannan shirun shi ne gadonmu. Gidan da kakanni suka mallaki bayi ana faɗi da alfahari, ko a ce "ai mu mun riƙe su kamar 'ya'ya". Gidan da aka bautar kuwa a ɓoye wa yara, sai yaro ya ji a bakin abokin faɗa a lakwal, ko ranar da aka maido masa da goronsa. In ɗalibi ya tambaya, a ce ya cika tone-tone, boko ya ɓata shi. Mu kuwa da ke iya kwana muna gardama kan wariyar launin fata a Amurka, da wuya ka ji ɗayanmu ya tambayi gwaggo me ya sa aka hana yaya Baraka auren wancan malamin makaranta.