Kafin A Sake Shafa Wa Tsohon Hostel Fenti

'Yan uwa ɗalibai, duk sanda aka ce za a gyara tsofaffin ɗakunan kwana, fenti da sabon kwano muke fara hangowa. Ni kam ina ganin akwai darasi a tarihinmu da muke tsallakewa.

A Janairun 1824 Bature Clapperton ya iso Katagum, garin da Malam Zaki ya kafa, ya tarar da ganuwa biyu ta jar ƙasa kewaye da shi. Ƙasar da aka yi ganuwa da ita, da ita ake gina soraye: tubali, azarar giginya, a shafe da makuba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ita ma ginin ƙasa ce. Makarantar ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, amma tsohon ginin yana nan tsaye a Katsina har gobe.

Sirrin ba boyayye ba ne. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya fara sakinsa. Shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, ga ɗumi lokacin hunturu. Bulo da kwano kuwa, a watan Afrilu kafin la'asar ɗaki ya zama tanda. In aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, wallahi karatun dare ya tashi kenan.

Yau ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, ga jami'ar jiha a Gadau. Ɗalibai ƙaruwa suke, gini da gyara dole ne. Ban ce a koma tubali gaba ɗaya ba. Abin da nake roƙo: a sa silin mai tare zafi, a buɗe tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, a faɗaɗa baranda, a dasa darbejiya ta yamma. Sai a ɗora sola. Ɗakin da ya riga ya yi sanyi ba ya cin batir da yawa, kuɗin dizal ma ya ragu.

Shugabannin ƙungiyar ɗalibai, in an zo maganar kwangila, ku nemi a nuna muku zanen tun kafin a sauke siminti.